Wuya ɗaya, jiki uku: aikin jitar da nake fama da shi tun damina

Asabar, 14 ga Satumba 2024

Toh bismillah. Na ce bari in riƙa rubuta yadda aikin nan ke tafiya don na san halina, in ban rubuta ba nan da wata biyu zan manta me na gwada me ban gwada ba.

Asalin abin musu ne. Akwai wani mutumina ɗan Sabon Tasha da yake kaɗa jita a cocinsu, wlh hannunsa ya fi nawa nesa ba kusa ba, muna zaune a situdiyo ya ɗauki jitata ta lantarki ya ɗan taɓa ya ce ai wannan ba za ta taɓa yin daɗi ba tunda filawud ce, sauti a katako yake. Ni kuma gyaran waya nake yi, kullum ina tare da mita da dalma, na ce masa sauti a fikof yake (ba motar ba, wannan ɗan abin da ke ƙarƙashin tsirkiya mai ɗaukar sauti). Muka yi ta yi har oga mai situdiyo ya ce mu fita mu ƙarasa a waje. Bayan sati biyu jitar ta faɗo daga kan benci, filawud ɗin ya dare daidai inda wuya ke shiga. 'Yar gwanjo ce ƙirar Stratocaster amma ta Chana, wuyanta lafiya lau, fikof uku duk suna aiki. Shi ne na ce ai ga dama ta samu. Wuyan da noti huɗu aka ɗaure shi, zan sa a yanka min jiki uku da katako daban-daban in riƙa mayar da wuya ɗaya da fikof ɗaya a kansu, kunne ya raba gardama.

Asabar, 28 ga Satumba

Na je wajen 'yan katako. Turawa suna ta maganar alda da ash da mahogani, mu nan abin da ke gabanmu shi ne afara, obeche, malaina, iroko, sai maɗaci. Abin da ya ban dariya da na zauna na bi tarihin abin, ashe jitocin Flying V da Explorer da kamfanin Gibson ya fitar a 1958, waɗanda yanzu sai mai hannu da shuni yake iya saye, katakonsu da ake ce wa korina afara ce. Afarar nan dai da ake mana silin da ƙofar banɗaki da ita. Daga Afirka ta Yamma aka kai musu suka canza mata suna. Shi ma kamfanin Fender da ash ya fara, Telecaster da Stratocaster ta 1954 duk shi ne, sai a 1956 ya koma alda, kuma ba don sauti ba, alda ta fi sauƙin samu kuma ta fi shan fenti ba wahala, ash sai an cike ƙofofin jikinsa tukuna.

Na ɗauki afara da obeche. Mai katakon yana ta rantsuwa sun bushe ƙayau, na ɗora tafin hannu na ji sanyi, obechen ma har wani wari-wari yake. A ƙarshen damina wa zai ba ka busasshen katako. Na dai saya.

Maɗaci kuwa ban saya ba. Akwai tsohuwar ƙofar zauren gidanmu da aka cire tun da aka sa ta ƙarfe, tana jingine a bayan ɗakin girki kaji na kwana a ƙarƙashinta. Na tambayi Hajiya ta ce me za ka yi da ita, na ce aiki. Ta dube ni ta ce Allah ya shirya, ɗauka. Ƙofar nan ta girme ni.

Asabar, 12 ga Oktoba

Na jera allunan a ɗaki da 'yan sanduna a tsakaninsu don iska ta ratsa, duk Asabar ina ɗora su kan sikeli ina rubuta nauyin a jikinsu da fensir. Ranar da nauyi ya daina sauka ranar sun bushe. Obeche na sauka da sauri, afara a hankali, ƙofar Hajiya ko motsi.

Na kai wa Baba kafinta zanen a kwali. Ya juya shi ya sake juyawa ya ce ɗana wannan teburin mai ƙaho fa? Na yi masa bayani. Kauri inci ɗaya da kwata uku, kusan milimita 45. Abin da na fi ja masa kunne a kai shi ne tsawon tsirkiya, daga kan wuya zuwa jaki (haka masu goge ke kiran ɗan abin da tsirkiya ke hawa, ni ma shi zan riƙa cewa maimakon birij) dole ya zama inci 25 da rabi, milimita 648, kuma firet (ƙananan ƙarafan nan da ke jere a kan wuya) na 12 ya faɗo tsakiya cif. Aka kuskure wannan jita ba za ta saitu ba ko da katakon aljanna aka yi ta. Gibson nasu inci 24 da kwata uku ne, kuma ina zargin rabin abin da mutane ke cewa "sautin mahogani" wannan gajartar ce, tsirkiyar ta fi saki.

Baba ya ce shekara arba'in yana aikin katako ba a taɓa kawo masa aiki da milimita ba.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Kusan sati kenan ba wuta, ba mu kaɗai ba kusan duk Arewa. Injin Baba a kashe, shago ma cajin waya kawai muke yi da janareta. Tunda ba aiki bari in rubuta abin da ke kaina.

Gurmi ko garaya ko kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos, tsirkiya na girgiza jaki, jaki na girgiza fata, fata da ƙoƙon su ne ke tura iska zuwa kunnenka. A nan kam jiki shi ne komai, canza fatar ka canza sautin. Jitar lantarki ba haka take ba. Fikof mayen ƙarfe ne aka naɗe shi da siririyar wayar tagulla kamar gashi, zagaye wajen dubu takwas a irin na Stratocaster. Tsirkiyar ƙarfe na kaɗawa a samansa sai 'yar wuta ta taso a cikin naɗin, ita ce ke tafiya amfilifaya. Ba ya jin katako, ba ya jin iska. Ka sa tsirkiyar roba ka kaɗa har gobe ba abin da zai fito. Shi kansa Les Paul, shahararren makaɗin jita na Amurka, wajen 1940 a kan guntun katakon fayin mai inci huɗu-huɗu ya ɗaura wuya da fikof, ya manna masa fukafukai biyu don dai ya yi kama da jita. Kamfanin Danelectro da irin allon nan na silin suka yi nasu kuma manyan makaɗa sun riƙe su.

Amma kar in cuci mutumina, yana da tasa hujjar. Tsirkiya a jikin katako aka ɗaure ta kai da gindi, duk girgizar da katakon ya sha daga jikinta an rage mata ita kenan, fikof kuma abin da ya saura zai ɗauka. Kenan katako ba ya ƙara komai, ragewa yake. Tambayar ita ce nawa yake ragewa, kuma kunne zai kama ko ba zai kama ba.

Da daddare na riƙe kowane allo da yatsa biyu ina ƙwanƙwasawa. Obeche "fof", afara "tonn", maɗaci "tinn" mai tsawo. Ƙanwata ta leƙo ta ce Yaya lafiya kuwa.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Obeche ya fito. Kilo 1.7 ba komai a jikinsa, kamar ka ɗauki faranti. Yankansa daɗi amma taushinsa ya yi yawa, farce ma shiga yake, notin madauri guda har ya kwance sai da na cusa tsinken sakace da gam na sake ɗaurewa. Kuma da na rataya sai kan jitar ya riƙa rinjaya ƙasa saboda wuya ya fi jikin nauyi, hannun hagu ya koma aikin tallafe wuya maimakon kiɗa.

Na ɗauki sauti kai tsaye cikin kwamfuta ba amfilifaya, sabuwar tsirkiya mai kauri lamba 10 zuwa 46, tsayin fikof na auna da ruwula na rubuta. Abu uku nake kaɗawa kowane karo.

Laraba, 20 ga Nuwamba

Baba ya kira ni yana faɗa wai ƙofar Hajiya ta cinye masa bakin filen, akwai ƙusa biyu binne a ciki. Na biya kuɗin wasawa. Garin katakon ɗaci kamar me, har maƙogwaro, sunan dai ba a banza ba.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Afara kilo 2.4, maɗaci kilo 3.3. Maɗacinmu na nan Arewa ya fi ɗan'uwansa na kurmin kudu nauyi, wancan ne kamfanoni ke saye su ce mahoganin Afirka. Da na haɗa na maɗacin da wuya da ƙarafuna na tsaya da shi minti ashirin sai da kafaɗata ta gaya min. Amma kyau kam, ja-ja haka mai duhu, ko ba banish.

In ba a jona ba bambancin a fili yake, ko kurma zai ji. Obeche ya fi ƙara kuma kana jin sa yana rawa a cikinka, maɗaci shiru-shiru amma sautin ya fi jimawa kafin ya mutu, afara na tsakiya. A nan gabana ya faɗi na ce shikenan mutumina ya ci ni. Sai dai na tuna ƙarar da nake ji a ɗaki ai ita ce girgizar da ta tsere daga tsirkiya, ba ita ke shiga waya ba.

Lahadi, 15 ga Disamba

Yau aka yi ta. Bayan sun taso daga coci mutumina ya zo situdiyo, ga oga, ga yara biyu masu piyano, na kunna musu guda tara a hargitse, uku-uku daga kowane jiki, lambobin suna aljihuna a takarda. Kafin a fara mutumina ya ce shi maɗaci ko a barci zai gane shi. Ya ci huɗu cikin tara. Oga uku. Ɗaya yaron biyu, ɗayan biyar, kuma shi mai biyar ɗin ya ce wlh canka kawai yake yi. Wanda mutumina ya rantse maɗaci ne saboda "kaurinsa", obeche ne, kawai a wannan ɗaukar hannuna ya matsa wajen wuya na kaɗa a can.

Ya ce kwamfuta ce ta cinye bambancin. Muka jona amfilifaya, ya juya baya, na kaɗa masa na afara da ke haɗe a lokacin na ce wanne ne, ya ce ai ba adalci tunda ba na kwatantawa. Gaskiyarsa ne a nan, canza jiki na cin kusan awa ɗaya, kunne ba ya riƙe sauti har awa.

Ni ma dai ban fita fes ba. Da na zuba hotunan sautin a allo na ga na maɗaci wutsiyarsa ta fi tsawo kaɗan in an saki tsirkiya ta mutu da kanta, duka ukun haka, ba sau ɗaya ba. Kenan akwai wani abu. Sai dai a cikin waƙa wa ke barin tsirkiya ta yi daƙiƙa goma ita kaɗai.

Mun rabu a kan kowa ya ci. Shi ya sayi tsire.

Asabar, 28 ga Disamba

Hunturu ya yi min aika-aika. Afara ta tsage daga gindi kusan tsawon ɗan yatsa, ashe ba ta gama bushewa ba na yi gaggawa, da nauyin ya tsaya a Nuwamba iskar ce ba ta gama bushewa ba, ba wai katakon ne ya gama ba. Na ɗura gam na matse da kilam kwana biyu. Obeche ya ɗan kome kamar faifai. Wuyan ma katakonsa ya tsuke har bakin firet ya fito yana yankar hannu sai da na bi da fayil, na kuma sassauta ƙarfen cikin wuya kwatan zagaye tunda tsirkiya ta fara taɓa firet.

Ƙofar Hajiya ko gezau. Ta ga hunturu sama da hamsin, wannan ba baƙonta ba ne.

Duk mai son yin irin wannan a Kaduna, ka bar katakonka ya ga damina ɗaya da hunturu ɗaya kafin zarto ya taɓa shi, ko ka nemi tsohon gado ko tsohuwar ƙofa.

Talata, 14 ga Janairu 2025

Hambaka ta iso (wani irin fikof ce), wani ɗan'uwa ya taho min da ita daga Legas. Ita naɗi biyu ce a jere, ɗaya a juye da mayen ƙarfensa a juye, sai ƙugin wuta ya kashe kansa sautin tsirkiya kuma ya haɗu. Seth Lover ne ya ƙera wa Gibson ita, ta hau jitar Les Paul a 1957. Ƙugin nan mu namu 50 ne a daƙiƙa, na Amurka 60, kuma in kana gidan da ba a yi wayar at (wadda ake binnewa a ƙasa) ba ko ana kan janareta ko kusa da cajar Chana, fikof mai naɗi ɗaya sai ya riƙa zuuu kamar an taɓo gidan zuma. Na liƙe cikin ramin da foyil na haɗa da at, ƙananan tsatsa sun ragu amma ƙugin na nan, shi sai hambaka.

Na sa mita, naɗin tsofaffin fikof ɗina wajen 6k (om dubu shida) kowanne, hambakar 8k da ɗoriya. Na faɗaɗa rami a jikin afara na dasa ta wajen jaki.

Jama'a. Wata uku ina neman bambanci da kunne a miƙe kamar zomo, yau ƙanwata daga tsakar gida ta ce Yaya ka sayi sabuwa ne? Sautin ya yi kauri, ya cika, kaifin nan mai kama da fasa gilashi ya tafi. Dalili kuwa naɗi ya ƙaru, kuma tana sauraron tsirkiya a wuri biyu maimakon ɗaya, sai siraran sautuka su danne juna.

Har ma ya so ya yi duhu da yawa, sai na tuna maɓallin ƙarar da ke kai 250k ne na masu naɗi ɗaya. Na cire na sa 500k, kaifin sautin ya dawo nan take. Abin da bai kai kuɗin shayi da burodi da ƙwai ba ya yi abin da kilo uku da ɗoriya na maɗaci bai yi ba. Haka doguwar wayar situdiyo mai mita shida da gajeruwar tawa, doguwar na shan kaifi, da kunnena na ji.

Lahadi, 26 ga Janairu

Yau wasa na yi da tsayin fikof kawai. In ka danne firet na ƙarshe ka bar wajen milimita biyu zuwa biyu da rabi tsakaninsa da tsirkiya, nan ne daidai a wajena. Na ɗaga na wajen wuya sosai don in ga, sai mayen ƙarfen ya riƙa jan babbar tsirkiya, sautin na rawa kamar ba a saita ba kuma yana mutuwa da wuri. Wato 'yar wutsiyar nan da maɗaci ya fi sauran da ita, zagaye biyu na sukudireba ya isa ya cinye ta.

Akwai kuma wani wuri a tsirkiya ta uku da sauti ke saurin mutuwa, na lura a duk jiki ukun yana nan wuri ɗaya bai matsa ba. Na maƙala ƙaramin kilam a kan jitar don ƙarin nauyi sai ya gusa. Kenan wuya ne ke shanye shi. Da ma shi ne siriri dogo mai lanƙwasa, jiki kuwa gungume ne. Da zan sake wannan aikin daga farko wuya uku zan yi jiki ɗaya.

Maganar da ake yi wai katako mai duhun sauti a sa masa fikof mai kaifi, mai kaifi a sa masa hambaka, ni dai yanzu ba ta nan nake zaɓa ba. Ina duba me zan kaɗa da kuma inda zan jona.

Da yamma wani ɗan Agadas da ke gadi a layinmu ya ji ina gwaji ya shigo. Ashe gwani ne. Na miƙa masa, ya kaɗa hambakar sau biyu ya yamutsa fuska, ya tura makunnin zuwa na tsakiya mai naɗi ɗaya, ya shiga irin kiɗansu na Abzinawa, na su Bombino da Mdou Moctar, yatsa na sauka na tashi kamar ruwan sama kan kwano. A irin wannan kiɗan kowane ɗan bugu so ake ya fito shi kaɗai tsaf, hambaka tana dunƙule su. Na ce masa ƙugin fa? Ya ce Malam ai a jeji da janareta muke biki, ƙugi ɗan gida ne. Na tambaye shi wane katako ya fi so, ya ɗaga jitar ya jijjiga ya ce wanda ba zai karya masa kafaɗa ba kafin asuba.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Afara zan riƙe. Tsagar ta kama, na bi ta da sanfefa har lamba 400, na cike ƙofofin, mai zan shafa mata ba fenti ba don zanen baƙin da ke jikinta ya fito. Hambaka wajen jaki saboda aikin situdiyo in ana kan janareta, masu naɗi ɗaya biyu a tsakiya da wajen wuya. Matsalar da ta rage 500k ɗin ya sa su biyun sun yi tsini da yawa, zan gwada liƙa musu resisto 470k ta kan makunni yadda su za su ga kamar 250k ita kuma ta ga nata.

Obeche Baba ya karɓe wai zai yi wa jikansa allo.

Na maɗaci mutumina ya ce shi fa a bar masa, har yanzu yana nan kan bakansa wai yana jin wani abu a ciki da kwamfuta ba ta ji, kuma shi a zaune yake kiɗa nauyi bai dame shi ba. Na ce sai ya nemo wuya. Ya ce mu yi da kanmu mana, wai akwai mai tsohon guntun madobiya a wajensu da za a yi allon firet da shi. Ban taɓa yanka ramin firet ba, guda 21 ne kuma kowanne sai ya zauna daidai wurinsa, ban ma san yadda zan tunkari Baba da wani sabon milimita ba.

Hajiya ta ga na maɗacin a jingine jiya, ta shafa ta ce wannan ƙofar tawa ce? Na ce ita ce. Ta ce to ka gaya wa abokin naka in zai ɗauka ya zo ya gaishe ni tukuna. Asabar mai zuwa zai zo, daga nan mu wuce mu ga madobiyar.